Makullin da Aka Binne da Len Hadley

A shekarar 1972 na fara sanin Cyril Pardoe, wata Talata da na rufe motata da makulli a ciki, a bakin kasuwar Willenhall. Wani mai sayar da kifi ne ya nuna mini shagonsa na yanka makulli. Cyril ya biyo ni da kofin shayi a hannu, ya leƙa ta gilashi, ya karanta lambar da ke jikin ramin makullin tayar da mota, ya koma shago ya zaro makulli daga jikin ƙusa. Kafin shayinsa ya huce ƙofa ta buɗe.

Ya ce, "Haka ɓarayi ma suke yi, Ticha. Su dai ba sa tsayawa a gaisa."

Motocin wancan zamani haka aka ƙera su, lambar makullinsu a fili. Tun daga ranar na zama ɗan shagon. In na taso daga koyarwa sai in biya in zauna, ina kallon dubban makullan tagulla rataye a bango. Idan babbar mota ta wuce a titi sai su kaɗa a hankali, kamar ana ruwa a wata unguwa mai nisa. Cyril yana da doka ɗaya: ba ya fasa kwaɗon mota. Yakan ce wanda ya huda kwaɗo ya nuna bai saurare shi ba ne.

A bazarar 1998, lokacin da yanar ido ta fara rufe wa Cyril gani, Doreen Hadley ta shigo. Mijinta Len ya rasu a watan Fabrairu. Motarsa Morris mai launin toka na rufe a gareji, ga shi ya yi wa jikarsu Gwen alkawarin a cikinta za a kai ta coci ranar aurenta. Auren ran Asabar, ranar kuwa Laraba ce.

Cyril ya ce, "To ina makullin?"

"Yana aljihunsa."

"Wane aljihun?"

"Na kwat ɗin da aka binne shi da ita mana! Ran Lahadi kawai yake fita da motar, makullin kuma kullum yana cikin kwat ɗin Lahadi. Ni na zaɓi kwat ɗin da hannuna, Cyril, na goge ta, ban laluba ba."

"Ai shi ke nan. Len da ma bai taɓa ba wa kowa aron motar nan ba, yanzu ne zai fara?"

Ta yi dariya, sannan ta share ido. Surukinta ya ce a fasa gilashi a huda kwaɗon, ita kuwa ta ce ba za a kai yarinya ɗaurin aure a motar da aka yi wa fashi ba.

Washegari da hantsi na kai Cyril garejin. Na leƙa don in karanta masa lambar, na tarar babu ita. Len ya goge ta da magagari tun da daɗewa, don tsoron ɓarayi.

Cyril ya ce, "Tsohon banza. Wa zai saci wannan? Keke ma wuce ta yake yi."

Ya zauna a kan akwati, ya fito da makulli marar haƙora, ya kunna kyandir ya turara shi har ya yi baƙi. Ya zura a ƙofar, ya murɗa kaɗan, ya zaro ya miƙo mini.

"Ara mini idonka, Ticha. Ina ka ga haske?"

Inda ƙarafan ciki suka cije, baƙin ya goge, tagulla na ƙyalli. Na ɗora farcensa a wurin. Ya goga magagari sau uku, ya sake turarawa. Haka muka yini. Rana na shigowa ta tsagar ƙofar gareji, motar na ƙanshin tsohuwar fata da man inji. Doreen ta kawo shayi da biskit sau biyu. Cyril ya rufe idonsa gaba ɗaya, yana magana ƙasa-ƙasa, ban sani ba da kwaɗon yake ko da Len. Makulli biyu suka lalace, duka laifina, don na nuna masa inda ba nan ba. Ya dai ce, "Kai ne fa mai koyar da lissafi."

Na uku ya juya da ƙarfe huɗu da kwata. Ƙofa ta buɗe, amma makullin ya ƙi tayar da mota: ashe Len ya taɓa canza kwaɗon tayarwar da na wata motar. Cyril ya cire shi, ya zube 'yan ƙarafan cikinsa a kan hankici, ya sake jera su da tafin yatsa har suka bi haƙoran sabon makullin. Ran Juma'a da safe makanike ya sa batir, Morris ta yi tari, ta tashi.

Cyril bai je auren ba, ya ce ba a rufe shago ran Asabar. A bakin coci, bayan motar ta sauke amarya, Doreen ta gaya mini ta je sallamarsa ya kore ta. Na ce halinsa ne. Ta ce a'a. A sanyin 1963, da ƙanƙara ta toshe hanyoyi, naƙuda ta kama matar Cyril, motar asibiti ta kasa zuwa. Len ne ya kai ta a wannan Morris ɗin, yana tuƙi Cyril na gaba da shebur yana share hanya, mil uku. Uwa da ɗa suka rayu.

Ta ce, "Shekara talatin da biyar, bai taɓa ce wa Len an gode ba. Ka san mazan garin nan. Shi ma Len da ya ji, da kunya ta kashe shi."