Ɗauko Haruna daga Funtua

Daga gida zuwa Tsiga

Mun idar da sallar asuba ke nan aka ji kuka daga gidan yayata Hansai. Ta daɗe tana jinya, ranar Allah Ya karɓi abinSa. Ɗanta namiji ɗaya ne, Haruna, tela a kasuwar Funtua. Liman ya dubi jama'a, jama'a suka dube ni, don duk ƙauyenmu ni kaɗai ke da babur. Da kuɗin audugar bara na saye shi, kuma na fi wanke shi a kan hawansa. Duk koyona bai wuce zagaya masussuka ba, sai akuyar maƙwabci da na taɓa bi ta kai.

Liman ya ja ni gefe. "Mati, za mu jira ku zuwa azahar. Amma kada ka faɗa masa. Ka ce jikin ne ya yi tsanani. Ba a faɗa wa mutum mutuwar uwa a hanya, sai ya zo cikin dangi."

Damina ce, an kwana ana ruwa. Kafin Tsiga na koyi darasin farko, in ka matse birkin gaba a cikin laka, babur zai tsaya, kai za ka ci gaba. Na tashi, na karkaɗe abin da ya karkaɗu, na sake buga kik.

Bakori

Da na hau kwalta sai na ji kamar na iya. Wani mai tirela ya danna mini oda a ƙeya, na tuna ban iya ba. A shigar Bakori 'yan sanda sun sa shinge. Na hango su tun daga nesa, amma tsayawa sai da na wuce su, babur ya yi tari ya mutu.

Wani kofur mai tumbi ya tako. "Malam, ina lasin?"

"Yallaɓai, ka ga alamar mai lasin a tuƙin nan?"

Bai yi dariya ba. Sai na gaya masa gaskiya, yayata ce ta rasu, ɗanta zan ɗauko kafin a rufe ta. Ya ce Allah Ya jiƙanta, har shi ya tura ni babur ya tashi.

Funtua

Da hantsi na sami Haruna a kan keke, yana ɗinkin rigar wani ango. Yana ganina ya fashe da dariya.

"Kawu! Kai da kanka, kuma da ranka? Wace gonar ka nome da goshi?"

"Tashi mu tafi, jikin tsohuwa ne ya yi tsanani."

"Ai haka aka ce wancan watan, na je na tarar tana shan fura. Bari in ƙarasa wuyan nan, jibi ne ɗaurin auren."

Na tsaya a kansa, keke yana ƙara. Ya gama wuya ya kama aljihu. Da muka fito ya ce sai ya saya mata burodi da maganin tari. Na yi masa tsawa, ya ce, "Kawu, wai babur ne ya sa ka zama soja?"

Yana hawa baya na koyi wani darasin. Babur mai goyo wani abu ne daban, ka karkata dama, na bayanka ya karkata hagu don tsoro, sai Allah Ya raba ku. Ya leƙo fuskata ya ce me ya sa idona ke ruwa. Na ce iska ce.

Bakori kuma

Wannan karon na tsaya daidai a gaban shinge, na so ma a yaba mini. Kofur ɗin nan ya gane ni. Ya cire hula, ya miƙa wa Haruna hannu.

"Kai ne ɗan marigayiyar? Sannu da haƙuri. Ku wuce, ku wuce, kada ku rasa jana'iza."

Na ji hannun Haruna ya saki rigata. Bai yi kuka ba a lokacin, bai kuma zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Kawu, yaushe?"

"Da asuba."

"Babur ɗin nan ba shi da wata giyar?"

Yana da ita, ban taɓa shigarta ba. Ranar na shiga.

Daga Tsiga zuwa gida

Hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Muna sauka daga kwalta kukan ya zo masa, jikinsa yana girgiza, babur yana girgiza tare da shi. A gangaren rafi tayar baya ta zame, muka kwanta mu uku. Salansar babur ta kama mini ƙwauri, hannun kuloci ya karye. Haruna ya janye ni daga ƙarƙashi, ya ga ina motsi, ya tuɓe takalma ya bi ta gonakin dawa da gudu.

Ni na tura babur, ina ɗingishi, har bakin gari. Ba a kira azahar ba tukuna, amma na haɗu da mutane suna dawowa da makara ba kowa a ciki. Hadarin suka gani, suka ji tsoron ruwa ya cika kabari, suka yi gaba da ita.

A maƙabarta na same shi, a durƙushe gaban sabuwar ƙasa, yayyafi yana sauka. Masu dawowa sun ce ya iso ana jera itace, an riga an rufe fuskarta. Na durƙusa kusa da shi, muka yi mata addu'a. Da muka shafa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da a shago ka faɗa mini, Kawu, da ban tsaya ɗinka aljihu ba."

Liman yana tsaye a bayanmu da lema, ya ji.

Na gode wa Allah da Ya dawo da mu da rai, da waɗanda suka wanke ta suka sallace ta ba mu nan. Allah Ya jiƙan Yaya Hansai. Tun daga ranar, duk wanda zai aike ni saƙon mutuwa, nakan gaya masa tun a gida cewa zan faɗa. In bai yarda ba, ya nemi wani mai babur.