Kashi Ɗaya Magani, Kashi Huɗu Ruwa

Saura wata huɗu a yi mana jarrabawar fita na fara neman littafin da zan dogara da shi. Lokacin ina shekarar ƙarshe a wata makarantar koyon aikin lafiya a cikin Kano, ɓangaren masu taimaka wa mai harhaɗa magunguna. Jarrabawar ba ta makaranta ba ce, ta ƙasa ce, kuma wanda bai ci ba ba zai samu takardar izinin aiki a ɗakin magani ba. Don haka hirar ajinmu ta koma guda ɗaya: ke wanne kike karantawa?

Kullum daga Kura nake zuwa, in shiga motar safe in dawo da la'asar, saboda haka ina son abin da zan iya buɗewa a kan cinyata a cikin mota. Akwai takardun darasi da malamai suka yi ta ba mu shekara uku, sun cika leda biyu, wasu ma rubutun ya fara gogewa. Akwai wani ƙaton littafin ƙasar waje da wata 'yar ajinmu ta turo mana a waya. Na ba shi mako guda. Dokokin wata ƙasa ne a ciki, da sunayen magungunan da ban taɓa gani a kan kantar ɗakin magani ba, zazzaɓin cizon sauro kuwa da ƙyar aka ambace shi. Na goge shi don wayata ta huta.

Sai wani ɗan ƙaramin littafi mai koren bango da ake samu a shagon fotokwafi kusa da makaranta. Tambayoyin shekarun baya ne, amsoshinsu na can ƙarshe. Ana cewa daga cikinsa ake maimaito tambayoyi. Kusan kowa ya saya, ni ma na saya. Na kama shi kamar hadda: in karanta tambaya, in juya baya in ga amsa, in maimaita har ta zauna.

Wata Asabar na kai wa Baba abinci gona. Shinkafar rani yake yi a filinsa da ke bakin kanal ɗin ban-ruwa, ranar kuma feshin magani yake. Ya sauke famfon daga bayansa, ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, ya zauna a gindin mangwaro. Ni kuma na buɗe koren littafina ina ta motsa baki.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana.

"Uwata, me kike ta nanatawa haka?" ya ce.

"Lissafin sirka magani ne, Baba."

"Karanto mini in ji."

Baba bai yi boko ba, sai na juya masa tambayar da Hausa. Ana da magani mai ƙarfin kashi biyar cikin ɗari, ana so a sirka shi da ruwa ya koma kashi ɗaya cikin ɗari, a samu rabin lita. Nawa za a ɗiba daga mai ƙarfin? Na faɗa masa amsar littafin, mililita ɗari biyu da hamsin.

"Nawa ke nan a cikin rabin litar?"

"Rabinta."

Ya daina tauna. "Rabi magani, rabi ruwa?"

"Haka aka rubuta."

"Ba kin ce wanda ke hannunki ya ninka wanda ake so ƙarfi sau biyar ba? To ai kashi ɗaya za ki ɗiba, ki zuba huɗu na ruwa. In na yi wa shinkafar nan rabi da rabi, jibi sai dai in zo in ga kara." Ya ci gaba da cin tuwonsa. Can ya ƙara da cewa, "Ko dai na mutane daban yake da na gona?"

Na ce masa ba daban yake ba. Na samu tsinke na rubuta lissafin a ƙasa mai danshi, yadda aka koya mana a shekarar farko. Mililita ɗari ya ba ni. Na share na sake, ɗari dai. Kusan mako uku ina ɗauke da ɗari biyu da hamsin a kaina, kuma da tambayar ta fito ranar jarrabawa da ita zan zaɓa ba tare da na tsaya ba. Abin da ya fi damuna shi ne na iya lissafin. Ban dai yi shi ba ne, don na ga amsa a rubuce.

Ranar Litinin na sami malaminmu na lissafin magunguna a ofis. Na nuna masa koren littafin, ya dubi shafin, ya ce in juya bangon in karanta masa sunan wanda ya rubuta. Na juya gaba da baya, babu suna.

"Ɗalibai ne ke fitowa daga jarrabawa su rubuta abin da suka tuna," ya ce. "Wani ya tattara, wani ya buga. Tambayoyin suna da amfani, za su nuna miki yadda ake tambaya. Amsoshin ne ban san daga inda suka fito ba."

"To Malam, wanne zan karanta?"

"Takardun da muka ba ki suna ina?"

Na ce suna gida a leda. Sai ya miƙo mini littafina.

A motar komawa na ba Anti labari. Anti 'yar ajinmu ce, Kirista daga Filato, ta girme mu duka, tana da 'ya'ya uku. A Kura suke zaune, mijinta yana gyaran injin ban-ruwa tsakanin Kura da Bunkure. Ta karɓi littafin ta duba, ta ciro nata daga jaka, iri ɗaya. Sai ta zaro reza ta yanke shafukan amsa na nata, ta tambaye ni da ido, na gyaɗa kai, ta yanke nawa ma. Ta naɗe su ta cusa a ƙasan jakarta.

"Sai mun samo amsa da kanmu za mu duba tasu," ta ce.

Daga nan kullum in mun sauka mota nakan bi ta gidanta kafin magariba. Muna shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mu baje takardun malamai, da wani littafin jerin magungunan ƙasar nan da muka aro a ɗakin karatun makaranta. Tambaya ɗaya takan ci mana rabin awa. Wani lokaci mu yi ta gardama, ita ta fi ni sanin dokoki da yadda ake ajiyar magani, ni na fi ta lissafi. In mun daidaita, sai ta ciro shafukan mu gwada. Yawancin amsoshin daidai suke, amma mun ci karo da kurakurai ba ɗaya ba ba biyu ba, har da inda aka ba yaro ma'aunin babba.

Na rubuta kurakuran a takarda na kai aji. Wasu sun kwafa sun yi godiya. Wata kuwa ta ce ina so ne in rikita mutane ana dab da jarrabawa, yayarta da wannan littafin ta ci. Ban ja da ita ba, don mai yiwuwa gaskiya ta faɗa.

Ba mu gama koren littafin ba. Mun ɗan wuce rabi lokaci ya cika. Ranar jarrabawa na gane tambayoyi kaɗan daga cikinsa, sauran sababbi ne, amma babu wadda na ji kamar daga wata duniya ta zo. Na yi lissafina a gefen takarda, ɗaya bayan ɗaya, har aka ce a ajiye biro saura biyu ban taɓa ba.

Da sakamako ya fito, na ci. Anti ta faɗi a takardar lissafi. Ta ce ta san hanyar, lokaci ne ya ƙure mata. Na je gidanta ina jin nauyin shiga, na tarar tana tsince shinkafa. Ta yi mini murna, ta sa 'yarta ta kawo mini ruwa, sannan ta ce daga Asabar mai zuwa in riƙa zuwa da agogo.

Haka muka yi har zagayen jarrabawa na gaba. Ina ƙirƙiro mata tambayoyi, in ɗora agogon a kan turmi, ta yi goma a cikin minti goma sha biyar. Da farko takan tsaya a ta shida. Da ta sake zama jarrabawar, ta ci.

Yanzu ita tana wani ƙaramin asibiti a wajen Madobi, ni ina wani a Garun Mallam. Ba mu cika haɗuwa ba sai a biki ko gaisuwa, amma in wani magani ya yanke a wurina ita nake fara kira in ji ko suna da shi.