Ranar da Littafin Tsohon Mushe Ya Maƙale a Odinater

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi ina buga wa mutane takardu a Yamai, yawancinsu sun bi ruwa. Amma kwana biyun da littafin wani tsoho ya maƙale a cikin kwamfutata, ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinsu daki-daki. Ba zan taɓa mantawa da su ba.

Shagona ɗan ƙarami ne a unguwar Kalley, ba nisa da babbar kasuwa. Kwamfuta ɗaya gare ni, wadda mu a nan muke ce wa odinater, sai na'urar fitar da takardu da benci na masu jira. Masu neman aiki da ɗalibai su ne abokan hulɗata. Wata rana sai ga wani dattijo da sanda da tabarau mai kauri, ya ajiye kaye uku a gabana, irin littattafan rubutun ƴan makaranta. Tsohon malamin makaranta ne, mutumin Adar, ya yi ritaya yana zaune a unguwar Bobiel. Kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malamin boko a nan da Faransanci, ni kuwa Baba nake cewa. Tarihin rayuwarsa ya rubuta da na ƙauyensu da na iyayensa, saboda jikokinsa da aka haifa a Yamai, waɗanda ko hanyar garin ba su sani ba.

Kusan shekara guda muka yi muna aikin nan. Duk Laraba sai ya zo, in karanta masa abin da na buga, ya ce cire nan, sassauta can. Idonsa yana ta raguwa, har ta kai rubutun hannunsa ma ba ya iya gani, sai dai ya saurara. A cikin kayen akwai maganganu masu zafi a kan wasu danginsa, waɗanda ya rubuta cikin fushi, daga baya ya sa na goge. Shi ya sa ya roƙe ni kada kowa ya gani. Da yake ɗalibai kan zauna a kan odinater ɗin su yi gyaran aikinsu, sai na bi wata dabara da aka taɓa nuna mini, na kulle jakar da littafin yake ciki, yadda ba mai buɗe ta sai wanda ya shiga da kalmar sirrina. Na ji kaina ya yi girma ranar, ina ganin na zama gwana.

Da muka gama, ya tambaye ni ko aikin yana wani wuri ban da cikin na'urar. Na ɗaga kile, ɗan abin nan da ake zuba takardu a ciki a sa a aljihu, na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, wuri biyu yake." Kuma ba ƙarya na shirya ba, na ja jakar na saka a kile da hannuna. Buɗewa in duba ne ban yi ba. Muka tsayar da Juma'a mai zuwa zai zo da babbar ƴarsa a fitar da littafin, don jikokin duka za su taru a gidansa bikin suna.

Ran Laraba da safe, cikin tsananin zafin nan na bazara, na buɗe shago na danna maɓalli. Alamar farko ta fito, ɗigo-ɗigon nan suka fara zagaye kamar kullum, sai suka tsaya cak. Na ba ta lokaci, na share shago, na dawo, suna nan inda na bar su. Na kashe na kunna, haka. Na sake, haka. Ban damu sosai ba, na ce ai akwai kile. Na tsallaka shagon maƙwabcina mai ɗaukar hoto na ce ya sa mini a tasa. Jakar ta fito da sunanta, amma da wata ƴar kibiya a gefe. Ya danna, ta ƙi. Ya dube ni ya ce, "Madam, wannan ai ba dosiye ba ne, ba jakar kanta ba ce, rakursi ne. Hanya ce kawai mai nuna inda abin yake, babu komi a ciki."

Ina komawa shago na tarar da Baba zaune a benci, ya zo gaisuwar Laraba da ya saba ko da babu aiki. Na gaishe shi, na kawo masa ruwa, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce kamar abin bai dame ni ba, "Baba, kayen nan uku suna nan kuwa?"

Ya yi dariya ya ce, "Wane kaye, ɗiyata? Ai tun ranar da kinka ce wuri biyu yake na sa masu wuta. In na mutu yara su ga zagin da na yi ma ƙanen ubana? A'a. Wanda ke wurinki shi ne na gaskiya."

Mutumin da ba ya iya ganin layi a takarda, ya ƙone aikin shekarunsa saboda maganar bakina. Na so in faɗa masa gaskiya, amma na ɓoye. Na ce masa wai na'urar tana hutawa saboda zafi. Ya sa mini albarka ya tafi, albarkar nan kuwa ta fi mari ciwo.

Na naɗe odinater a zane na ɗauka zuwa layin masu gyara. Wanda na samu saurayi ne mai saurin hannu da saurin baki. Ya kunna, ya ga inda take tsayawa, bai ko zauna ba ya ce, "Sai an formate, Hajiya. A wanke ta tas a zuba sabo, kafin la'asar kin samu." Na ce akwai abin da nake so a ciki. Ya zaro faifan da ke ajiye komai, ya haɗa da tasa na'urar. Takardun mutane duka suka fito, har na fara hamdala. Da ya zo kan jakar Baba sai ga ɗan hoton kwaɗo a jikin kowane babi. Ba sa buɗuwa, ba sa kwafuwa. Ya gwada sau biyu ya ɗaga kafaɗa. "Wannan kam ya tafi. Kala suru, Hajiya, haƙuri za ki yi. In formate?"

Har ya kai hannu. Ni ba ilimin abin gare ni ba, amma na san wanki ba ya dawo da abin da ya ɓata. Na dafe faifan na ce ya mayar mini da shi yadda ya gan shi. Ya ce duk inda na je maganar ɗaya ce. Na ce na ji, mayar. Taurin kan da mijina yake kuka da shi, ranar dai ya yi rana.

A bakin titi na tsaya da kaya a hannu, sai na tuna ƙanwar mijina. Aikin kwamfuta ta karanta, tana aiki a wani biro, wato ofis, tana zaune a unguwar Yantala. Ban so kiranta ba, don tsakanina da ita wasa ne mai tsanani, kuma na san abin da zan sha. Amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na kira ta, ta ce in same ta a gida in ta sauko daga aiki.

Ta shimfiɗa tabarma a inuwar bishiyar bedi, ta kwance murfin na'urar, ta leƙa, ta yi salati. Fankar ciki ta cushe da zare da ƙura kamar gidan tsuntsu. "Matarmu," in ji ta, "zaren atamfa ne wannan nake gani? Me ya kawo shi nan?" Dole na faɗi gaskiya. Riga na ɗinka wa odinater da ragowar atamfata, ninki biyu, har da leshi a baki, don kada ƙurar kasuwa ta shige ta. Ran Talata da yamma da zan rufe, odinater ta rubuto cewa tana sabunta kanta, kada a kashe. Na bi umarni ban kashe ba, amma hannu ya riga ya saba, na lulluɓe ta ruf, na ja ƙofar ƙarfe na tafi.

Ƙanwar mijina ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kin sa mata zane biyu cikin wannan zafi, kin kulle ta a ɗaki, kuma tana tsakiyar aiki! Ke ko amarya ce ai ta suma." Ta ce zafi ne ya kashe na'urar aikin bai ƙare ba, shi ya sa in ta zo tashi take tsayawa a rabin hanya. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Da na gaya mata zancen kullewa da zancen formate, sai dariyar ta ɗauke. Ta ce makullin wannan kwaɗo ba a cikin jakar yake ba, yana cikin tsohon tsarin na'urar, ɗaure da kalmar sirrina. Da an wanke, da makullin ya tafi, kuma duk ƙasar nan ba mai iya buɗe littafin. Hanya ɗaya ce, a lallaɓa wannan tsarin da ya suma ya tashi, ko na minti goma ne. Amma ta ce ba za ta taɓa komai ba sai ta kwafe faifan gaba ɗaya a wani, don in gyara ya ɓaci a samu na komawa. Kwafin nan ya ci sauran yinin. Ta ce in tafi gida in dawo da safe. Ranar tuwo ma ban san ɗanɗanonsa ba.

Alhamis da hantsi na dawo, ta nemi izini a wurin aiki saboda ni. Ta share fankar, ta cire duk wata waya da ba dole ba, ta bar allo da madannai. Ta kunna, da ɗigon suka fara zagaye ta danne maɓalli ta kashe. Ta yi haka sau uku, ni ina ta cewa za ta ƙarasa ta. A na gaba sai ga wani shuɗin shafi na gyara ya fito. Ta sa na'urar ta gyara kanta, muka jira, na'urar ta dawo ta ce ta kasa. Na ji hawaye ya taho. Ta ce, "Matarmu, in kuka za ki yi koma bayan ɗaki, kada ki jiƙa mini kaya." Sai ta zaɓi a warware sabuntawar da ta tsaya a rabi, a koma yadda ake kafin Talata. Wannan ya daɗe ƙwarai. Mai tallan kopto, wato kwaɗon ganye, ta shigo ta fita, aka kira azahar, muka yi salla, abin yana ta juyawa.

Muna naɗe sallaya na ji ɗan kiɗan nan da take yi in ta tashi. Shekara nawa ina jin sa ban taɓa sanin yana da daɗi ba. Ga wurin sa kalmar sirri. Sau biyu ina kuskure, a na uku ta buɗe. Na shiga jakar Baba, na danna babi na farko, sai ga layin da ya fara da sunan rijiyar ƙauyensu. Na zauna daɓas a tabarma na yi ta alhamdu lillahi, kuka da dariya a haɗe. Ita kuwa ba ta tsaya murna ba. Ta cire kwaɗon, ta zuba littafin a kile biyu, ta aika wani ta intanet, sannan ta kai kowanne kan tata na'urar ta sa ni na buɗe babi-babi da idona.

Ran Juma'a Baba ya zo da ƴarsa, na miƙa masa littafin an ɗinke shi da bango. Ya shafa shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ba ta ya ce ta karanta. Tana karanta shafin farko, ta ce ba ta taɓa sanin sunan kakarta ta wajen uba ba sai yau. Da zan iya yin shiru, ba wanda zai sani. Amma na durƙusa na faɗa masa komai, har ƙaryar da na yi masa ran Laraba.

Sai ya ce, "Tashi, ɗiyata. Laifin namu ne mu biyu. Shekara talatin ina koyarwa, yaro bai taɓa ce mani ya yi aiki na yarda ba sai ya buɗe kaye na gani. Ga shi da tsufana na ƙone nawa ban ce ki buɗe ba." Ya ɗan yi murmushi ya ƙara da cewa, "Amma ran Laraba da kin hwaɗa mani. Da mun raba tsoron biyu."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi zauna mini. Na koyi cewa kulle abu ba shi ne tsare shi ba, kuma gani ya kori ji: duk aikin da aka ba ni yanzu, ba na cewa yana wuri biyu sai na buɗe na biyun a gaban mai shi. Na kuma koyi cewa in amanar mutum ta shiga haɗari a hannunka, shi ya fi kowa cancantar ya fara ji, tun kafin ka san ko za ta kuɓuta. Baba ya rasu bayan shekara biyu, idonsa ya riga ya rufe gaba ɗaya. Da na je gaisuwa, ƴarsa ta ce mini har makonsa na ƙarshe jikokin suna zama su karanta masa littafin, yana gyara musu yadda ake faɗin sunayen garuruwa.