Ƙahon da Na Yi wa Yayana

Mu gidan wanzamai ne a Dauran, tun kaka da kakanni. Na yi boko har na zama malamin firamare, amma aska da ƙaho ba su bar hannuna ba, ina ma taƙama da su. Taƙamar nan ita ta ci ni.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ƙafafun yayana suka kumbura, fuska ta yi suntum. Muka yi ta yawon asibiti, daga Zurmi zuwa Ƙaura, har Sakkwato. Can likita ya ce ƙoda ce ta gaza. Dattin da ya kamata ya bi fitsari ya zauna cikin jini yana cin ƙwayoyinsa, su kuwa garkuwarsu ta yi rauni, suna mutuwa tun kwanansu bai ƙare ba. Ya yi dogon bayani, ni abu ɗaya na riƙe: jini ya ɓaci. To ɓataccen jini ai sana'ar gidanmu ce, wa zai koya mini?

Muna dawowa na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Duk Juma'a in tsaga bayansa, in kafa ƙaho huɗu, in zuƙa. Jini ya fito baƙi ƙirin, in nuna masa in ce, "Yaya, ka ga mugun ya fita." Ya ce, "Sannu, ƙanena, na ji dama." Tafin hannunsa kuwa sai ƙara fari yake, daga zaure zuwa masallaci sai ya huta sau biyu. Na gani da idona, na ce ciwon ne, na ƙara ƙaho.

Bayan wata biyu muka mai da shi Sakkwato a kwance. Likita ya ɗaga rigarsa zai auna shi, ya ga tsaga jere-jere, wasu ko warkewa ba su yi ba. Sai ya ce, "Mutumin da jininsa ke ƙarewa da kansa, ɗan abin da ya rage aka bi aka kwashe? Wa ya yi wannan aiki?"

Yaya ko kallona bai yi ba. Da ƙyar ya ce, "Wani wanzami ne a kasuwar Shinkafi, likita. Ban san shi ba."

Kwana tara ya ƙara a duniya. Masu ta'aziyya suka ce wa'adi ne ya cika, haka ne, ban musa ba. Amma mutumin da ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, sai da ya yi ta a gadon mutuwa don ya rufa mini asiri.

Ni na yi masa wanka. Da na juya shi, kowace tsaga na san Juma'ar da na yi ta.