Kowa da Sana'ar Gidansu

Har gobe ba zan manta da ranar da manajanmu ya shigo harabar ofis a kan jaki ba. Duk lokacin da na ga ku yaran yanzu kun duƙufa a kan waya kuna neman jigon da za ku ɗora wa taron kamfani, sai ranar ta faɗo mini, in yi ta dariya ni kaɗai. Bari dai in ba ku labarin daga tushe.

A lokacin ina jami'in ciniki a wani kamfanin sayar da taki da iri da maganin feshi, reshen Gwarzo, kuma ƙauyukan Kabo duk a hannuna suke. Kakar farko ce bayan an ƙaddamar da Shari'a a Kano, ga kamfani ya tsuke bakin aljihu, har shayin safe an soke mana. Al'adarmu ita ce duk ƙarshen kaka, in amfani ya shiga rumbu, sai a yi walima ta ma'aikata da manyan manoman da ke ciniki da mu. A da abin ba wuya. A kafa rumfa, a ɗauko mai kiɗan faifai daga Kano da manyan lasifikokinsa, a sha lemo, a raba kalanda, kowa ya kama gabansa.

A wannan shekarar sai Manaja, Alhaji Sule, ya dawo daga taron hedikwata da sabon salo. Wai daga yanzu kowace walima sai an yi mata jigo. Jigo kuwa shi ne abu guda da za a ɗora komai a kansa, sutura da abinci da ado da jawabi, yadda duk wanda ya shigo zai gane inda aka dosa. Ya ce wani darakta zai zo ya gani da idonsa, amma kada mu sa rai da wani kuɗin kirki. Ya ƙara da cewa babu kiɗa, babu rawa, maza gefe mata gefe, domin ya gayyato Malam Isiyaku, malamin da 'yan Hisba na yankinmu ke jin maganarsa. Wato a yi shagali ba kuɗi ba ganga, kuma ya ƙayatar. Na ce a raina, lallai Alhaji ya ɗauke mu waliyyai.

Aka naɗa kwamiti: ni, da Hajiya Rabi kashiya, da Buba direba, da Malam Lawan mai kula da sito. Shi Lawan mutumin Dugabau ne, ba shi da hayaniya, kuma shi ke ja mana sallar azahar da la'asar a ɗan masallacin ofis. Tun zuwansa ba wanda ya taɓa tsayawa gabanmu in yana nan.

Zaman kwamitin nan ban taɓa shan dariya irin tasa ba. Buba ya ce a yi jigon Larabawa, kowa ya zo da jallabiya. Hajiya Rabi ta ce ita ba za ta zauna cikin mutanen da suka yi kama da alhazan da jirgi ya bari ba. Ita ta kawo shawarar a yi anko da launin kamfani, muka tambaye ta wa zai sayi yadin, ta ce ta janye. Ni na ce a yi jigon noman zamani, sai duk muka waiwaya ta taga muka kalli tarakta ɗaya tilo da muke da ita, tana kan duwatsu ba taya, kaza har ta yi ƙwai a kujerar direba. Haka muka yi ta yi har yunwa ta fara magana.

Jigon ya fito ne daga tsiya. Buba ya ce da ni ɗan wanzamai, wai ba abin da na iya sai surutu a kan mutane. Na ce masa shi ma ai sitiyari yake riƙewa kamar sandar kiwo. Hajiya Rabi ta buga tebur ta ce ga jigo nan muna ta wasa da shi: kowa ya zo da sana'ar gidansu. Ya sa kayan sana'ar, ya kawo kayan aikinta, in da hali ya zo da dattijon gidansu ya nuna wa jama'a. Ba a sayen komai, don komai yana rataye a gida. Abinci ma ya samu, tunda akwai 'ya'yan mahauta a cikinmu, ga su Buba da nono. Muka yi ta murna kamar an ƙara mana albashi. Manaja ya ji, ya ce an gama. Lawan ne kaɗai bai ce uffan ba, mu kuwa ba mu lura ba, don dama shiru halinsa ne.

Ofis ya rikice. Aiki ya koma tonon asali, kowa ana tambayarsa me kakansa yake yi. Masinjanmu ya ce su jinin sarauta ne, aka ce to ya zo da doki, sai ya sauko ya ce a gaskiya dukawa ne. Manaja kuwa ya ƙi faɗar tasa, ya ce mu jira ranar.

Ana cikin haka Lawan ya kira ni cikin sito ya tura ƙofa. Ya ce yana so in taya shi roƙon Manaja hutu a ranar walima. Na ce ai shi tasa ta fi ta kowa sauƙi, ya ɗauko garma kawai, tunda kullum cewa yake babansa manomi ne. Ya dubi buhunan taki ya ce, "Malam Habu, Baba yana noma, ban yi ƙarya ba. Amma gidanmu gidan makaɗa ne. Gangar noma muka gada. Ka gaya mini, a wannan zamanin da ake ciki, wa zai sake bin ɗan makaɗi salla?"

Na san mutanenmu sarai. Za su sha kiɗa su yi liƙi, amma in aka zo maganar aure ko limanci sai a tuna wa makaɗi matsayinsa. Lawan ya yi karatun allo ya sauke, ya yi na boko, ya gina mutuncinsa a wurin da ba wanda ya san gidansu. Ga shi jigonmu zai tone shi a gaban abokan aiki da Malam Isiyaku. Na ce masa zan yi magana da Manaja.

Kafin in yi maganar, ciniki ya kai ni Dugabau, sai na ce bari in biya in gaida tsohon. Ashe bakin Buba ya riga ni zuwa. Ya kai taki garin, ya shelanta wa kowa cewa kamfani zai tara iyayen ma'aikata kowa da sana'arsa. Na tarar da Baba Nomau, mahaifin Lawan, a zaure ya sauko da ganga daga rataya, ya sa an sake mata fata, ga babbar rigarsa an wanke tana shanye a igiya. Bayan mun gaisa, mun tambayi gida da gona da sanyi, sai ya ce mini tun da aka daina gayya, aka koma biyan 'yan ƙwadago, ba wanda ya sake neman gangar nan, yanzu kuma ga dokar kiɗa. Ya ce bai taɓa taka wurin aikin Lawan ba, amma ya ji an ce shi ke ja wa manya salla. Yana faɗa yana murmushi, hannuwansa suna rawa saboda tsufa.

Da na dawo na gaya wa Lawan abin da na gani, ban ƙara ko gishiri ba. Na ce hutu kam zan iya samo masa, amma shi zai je ya ce wa tsohon ya mayar da rigarsa akwati. Ranar ko abincin rana bai ci ba. Washegari ya ce mini zai kawo shi, da sharaɗin za a ajiye gangar a kalla kawai, ba za a taɓa ta ba. Manaja ya ce dama dokarsa ke nan.

Ranar walima, tun da hantsi harabar ofis ta zama kasuwa. Ni na rataya zabirar babana, na kafa kujera ina barazanar yi wa kowa ƙaho kyauta. Buba ya zo da malfa da sanda, innarsa ta jera ƙoren fura da nono a ɓangaren mata. Hajiya Rabi, wadda ko biro ba ta ɗauka sai da yanga, ga ta da tallan daddawar gidansu, warin ya kori turarenta. 'Ya'yan mahauta sun kafa tukuba, hayaƙin tsire ya tashi. Darakta ya iso da kwat, yana ta ɗaukar hoto yana tambaya.

Sai muka ji kukan jaki a bakin ƙofa. Manaja ne, da tsohuwar taguwa da rawani, zaune a bayan mangala cike da kanwa. Ashe fatake ne gidansu. Mutumin da ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa, ga shi yana dukan jaki da dunduniya, jakin ya kafe a tsakiyar fili ya ƙi gaba ya ƙi baya. Mutane suka yi ta faɗuwa don dariya, ni har hawaye. Da darakta ya tashi jawabi, jakin ya sake ɓarkewa da kuka, sai da aka ja shi bayan sito.

Aka fara kiran gida gida, kowa ya fito da dattijonsa ya yi bayani. Da aka zo kan Lawan, ya taso riƙe da hannun babansa, ganga a kafaɗarsa, fuskarsa kamar wanda za a yi wa allura. Na ji wani a bayana yana raɗa, wai ashe liman ɗan makaɗa ne. Lawan ya faɗi sunan mahaifinsa da sana'arsu a gajarce, ya ajiye gangar a kan tabarma.

Baba Nomau bai taɓa ganga ba, kamar yadda aka yi alkawari. Amma ya dubi layin manyan baƙi, ya hango wani tsohon manomin Lakwaya, Alhaji Ɗanladi, wanda ya yi wa kiɗa a gayya tun suna samari. Sai kawai ya kira shi da baki, da kirarinsa na da, na mai gama gonar wani kafin raɓa ta bushe. Alhaji Ɗanladi, mutumin da sai an riƙe shi yake hawa mota, ya miƙe tsaye, ya tuɓe babbar riga, ya fizgi garma daga kayan nuni, ya tsaya a fili yana jira. Duk ido ya koma kan Malam Isiyaku.

Malam ya gyara zama, ya dubi gangar, ya dubi tsohon da ke tsaye da garma. Ya ce shi ma da wannan gangar aka nome gonar babansa, kuma bai taɓa ganin ta hana kowa salla ba. Sannan ya miƙe ya ɗauki buta ya ce, "Zan je in sabunta alwala. Ni kuwa mutum ne mai nawa wajen alwala."

Baba Nomau ya ɗauki gula, wato sandar kiɗan nan mai lanƙwasa, ya kai wa ganga bugu, sai ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi ƙasa. Ya sake ɗauka, hannun ya ƙi tsayawa. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Ya juya ya miƙa wa ɗansa.

Lawan ya karɓi gular. Can sai ya naɗe hannun rigarsa, ya rataya gangar, ya buga. Jama'a, ashe hannun yana nan. Bugun farko na ji shi har cikin cikina. Alhaji Ɗanladi ya kafa garma a harabar ofis ya fara huɗa, manoma suka yi wa sauran garemani da fartanyu wawa. Manaja ya karɓi ɗaya, darakta ya tuɓe kwat ya karɓi ɗaya yana saran ƙasa ta inda bai kamata ba. Mata suna ta guɗa daga ɓangarensu. Ni da ban taɓa noma ba sai ga ni a tsakiya da zabira a wuya. Kafin a ankara an nome filin ajiye motoci kaf, har gindin taraktar nan, kaza ta tashi da gudu. Baba Nomau yana tafe kusa da ɗansa yana kiran sunayen mazaje, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Da lokacin la'asar ya yi, Lawan da kansa ya tsayar da kiɗan. Aka yi alwala aka taru, masallacin ya yi kaɗan, aka shimfiɗa tabarmi har waje. Na ga Lawan ya lallaɓa ya koma sahun baya, kansa a ƙasa, yana jiran wani ya shiga gaba. Aka ce Malam Isiyaku ya ja mu. Malam ya waiwaya ya ce, "Ina limaminku na kullum? Baƙo ba ya shiga gaban mai wuri. Malam Lawan, bismilla." Ya kamo hannun Baba Nomau ya tsayar da shi kusa da shi a sahun farko, daidai bayan ɗansa. Da Lawan ya yi kabbara, ba wanda ya fita daga sahu.

Na shirya taruka da yawa bayan wannan, wasu a manyan otal da kuɗi masu kauri, kuma na manta jigon yawancinsu. Abin da ranar ta koya mini shi ne, jigon da ya fi kama mutane shi ne wanda dama suna da shi a gida. Sai dai kafin ku yanke, ku duba wanda ya yi shiru a kwamiti, ku bi shi ku ji dalili, domin abin da ya zama wasa a wurinku wataƙila shi ne duk mutuncin wani. Lawan ya ci gaba da ja mana salla har ya yi ritaya. Baba Nomau kuwa bai ga wata kakar ba, amma mutanen Dugabau sun ce har ya kwanta ciwo, duk wanda ya shiga gaishe shi sai ya ba shi labarin ranar da ya yi salla a bayan Lawan.