Audi Mai Cewa Tsaya

Ban san mutumin da ya kai Audi na Falanko iya ƙular da masoyansa ba. Abokan karawarsa ma ba su sha wuya sosai a hannunsa ba: sau ɗaya yake maka su da ƙasa, su tashi su kakkaɓe jiki su tafi gida. Waɗanda suka ci tuwo akushi ɗaya da shi su ne suka ji jiki.

Ɗan mai jan ruwa ne. Tun yana saurayi yake bin ubansa rijiyoyin wajen Tenhya, inda guga kan daɗe yana tafiya kafin a ji ya taɓa ruwa, suna shayar da raƙuman Bugaje. A bakin rijiyar nan ya samo damatsansa da ƙugunsa. Da ya shiga fagen kokawa kuwa bai sake kama igiya ba, bai kuma kama hauya ba. Kokawa ta zama gonarsa. Da zarar an kai gero rumbu, ayarin gishiri ya sauka, sai ya ɗaura warkinsa ya bi garuruwa: Gangara, Tanut, Belbeji, har Zinder. Yana dawowa da damman gero da akuyoyi, wata shekara har da rawanin alasho da wani madugu mai suna Aghali ya yafa masa a tsakiyar fage. Kumandan Nasara na Tanut ya taɓa aiko a ba shi aikin gardi, wato dogarin gwamnati, Audi ya ce tsohuwarsa ba ta da mai kula da ita. Tsohuwar tana da ƴaƴa bakwai. Abin da bai faɗa ba shi ne gardi a layi yake tsayawa, kuma ba a yi wa mai layi kiɗa.

Kiɗan kuwa yana da shi. Dodo makaɗi, abokinsa tun na wasan ƙasa, shi ke bin sa da ganga duk inda za shi, shi ya ƙaga masa kirarin da ya zama ciwonsa: “Na Falanko, ƙasa ta san tafin ƙafarka, ba ta san bayanka ba!” Kaka goma sha huɗu, ko gwiwa ko tafin hannu nasa bai taɓa rairayi ba.

Sai rana ɗaya ya ce ya bari, wai gwiwa ta hana shi. Mutane suka yi ta jaje. Ni dai da na bi labarin na tarar a kakar ƙarshe wani matashi na Gangara, Lawali, ya ɗaga masa ƙafar dama kamar taƙi guda kafin Audi ya murɗe shi da ƙyar. Matarsa Tabawa ta ce gwiwar nan tana lafiya idan za a je kasuwa, tana lafiya idan za a je biki, ba ta tashi sai an ambaci Gangara.

Da haka ya koma koyarwa. Kullum bayan la'asar samarin Falanko suna taruwa a rairayin ƙoramar bayan gari, kuma a faɗi gaskiya, ya iya. Ya san inda ake sa kai, ya san yadda ake karanta kafaɗar mutum a gane ƙafar da zai motsa, ya koya musu taɗiya da kwasar ƙafa da riƙe numfashi. Ba ya tsayawa gefe yana nuni da sanda. Shi da kansa yake kama kowane ɗaya, don a cewarsa wanda ya saba da nauyin Audi, kowa zai zame masa kara.

Sai dai akwai abu guda. Duk lokacin da yaro ya yi abin daidai, ya shige ƙarƙashinsa, ƙafar Audi ta fara barin ƙasa, sai ka ji tsawa: “Tsaya!” Yaro ya sandare. Audi ya sauke ƙafarsa a hankali, ya gyara warki, ya fara gyara: “Ka ga inda ka sa hannun nan? Taƙi ɗaya ƙasa. Sake.” Kullum akwai taƙi ɗaya da ya rage. A shekara uku babu wanda ya taɓa ƙarasa kamun da ya fara.

A shekara ukun nan kuma Gangara ta yi ta cin su kamar fura. Abin haushin, ba rashin ƙarfi ba ne. Ɗan Falanko zai shiga fage ya yi kamu mai kyau har dattawa su gyaɗa kai, ya sungumi mutum sama, sannan ya ɗan dakata, ƙiftawar ido ɗaya, kamar mai sauraron kiran uwarsa. Cikin wannan ƙiftawar ake taɗe shi. Audi ya ce sammu ne, ya sa aka ƙaro layu. Da aka sake sha ƙasa ya ce yaran yanzu ba su da zuciya. A kakar da Nasara suka ɗauke gwamna daga Zinder aka yi kaye na uku, Lawali ya kwantar da Ila, ɗan ƙanwar Audi kuma mafi ƙarfin yaransa, a gaban ƴan matan garuruwa biyu.

Dodo ne ya gano. Makaɗi ƙafa yake kallo, ba fuska ba. Ya sami Audi a ƙofar gida yana shafa wa gwiwa man shanu.

“Audi, gangata ta gaji da jiran yaranka.”

“To ka sayar da ita ka sayi jaki.”

“Jaki ina da shi, shekara arba'in ina binsa da kiɗa. Ka saurara. Duk sanda yaronka ya ɗaga mutum, ina kai sanda zan buga faɗuwa, sai in ji rami a kiɗan. Hannuna a sama, shi ma yana tsaye. Me yake jira?”

“Tambaye shi mana.”

“Kai yake jira. Muryarka yake jira ta ce masa ya tsaya.”

Audi ya yi tsaki, ya ce wanda bai taɓa kama ko ɗan akuya ba yau shi zai koya masa kokawa. Tabawa tana sussuka a tsakar gida, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, “Maigida, ni ma da ba na zuwa ƙorama, daga nan nake jin tsawar. Har zakaran gidan nan in ya ji ta ƙafa ɗaya yake tsayawa.”

“Wa ya sa da ke?”

“Ba kowa. Yaran mutane dai ake karyawa.”

Ya san gaskiya ce? Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mini rai, kuma na yi imani ya sani tun ranar farko. Mutumin da ke gane ƙafar da za ka motsa daga kafaɗarka ba zai kasa ganin abin da zakara ya gani ba. Yana son yaran su ci, wannan babu shakka, an ga hawayensa a hanyar dawowa daga Gangara. Amma yana so su ci ba tare da sun bi ta kansa ba, alhali babu wata hanyar. Wanda bai taɓa jin yadda ƙaton mutum ke kufcewa daga hannunsa ya tafi ƙasa ba, ba zai koya ranar taro ba. Ƙato ɗaya ne a ƙoramar, shi kuwa yana da kirarin da yake tsaro.

Da kaka ta sake zagayowa, saura kwana tara a je Gangara, Ila ya zo ya durƙusa.

“Kawu, na zo sallama. Zan koma wajen dangin babana a Gangara. An ce tsohon da ya koyar da Lawali yana karɓar baƙo.”

“Tsohon nan? Sau huɗu na shimfiɗa shi!”

“Shi ya sa, Kawu. An ce ya san faɗuwa, yaransa har layi suke yi suna kayar da shi.”

“Kai kuma abin da kake nema ke nan? Ka kayar da tsoho?”

“Ina neman in ƙarasa abu sau ɗaya kafin in tsufa.”

Audi ya zage shi, ya zagi dangin uban nasa, ya ce ya tafi kada ya waiwayo. Da yaron ya kai ƙofa Audi ya ce, “Ka zo ƙorama da la'asar tukuna. In nuna maka abin da za ka rasa.”

Labari ya bazu, rabin gari ya sauko ƙorama. Dodo ma ya zo da ganga, abin da bai saba ba, don ba a kiɗa a wajen koyo. Audi ya harare shi. Suka sunkuya, suka tafa hannu, suka sarƙe. Audi ya kusa hamsin amma sai da ya jiƙa yaron da gumi. Can Ila ya sami abin da ya saba samu: ya nutse, kafaɗa ta shiga ciki, hannu ya kama bayan cinya, ƙafar Audi ta bar rairayi.

Nan Dodo ya rufe ƙoramar da kiɗa. Ba taken kowa ba ne, ba kome ba ne, duka ne kawai kamar mai korar fara daga gona. Ila ya dakata ƙiftawar nan tasa, kunnensa bai ji kome ba sai ganga, nauyi kuma ya riga ya karkata. Audi na Falanko ya tafi da baya, rairayi ya tashi.

Ila ya dafe kai yana salati. Audi ya daɗe kwance yana kallon sama, sannan ya ce, “Ashe ƙasar sanyi gare ta.” Ya tashi zaune ya dubi yaron. “Me ka tsaya yi da ka ɗaga ni? Wa kake jira? Sake!”

Sau biyar ya sha ƙasa a yammacin nan, ba ganga. Tabawa ta kwana biyu tana gasa masa baya da ruwan zafi, yana nishi yana gaya mata kyauta ya yi wa yaron.

“Na ga bakinka ya buɗe sanda ya ɗaga ka,” in ji Dodo.

“Hamma na yi.”

A Gangara, Lawali ya shigo yana murmushi, don shekara uku sun koya masa cewa ɗan Falanko yakan ba ka lokaci. Ya bar Ila ya shige, ya bar shi ya ɗaga, ya shirya ƙafar taɗiya yana jiran dakatawar. Yana cikin jira bayansa ya sauka.

Kafin guɗa ta lafa Audi ya riga ya shiga tsakiyar fage, gwiwa garau, yana gaya wa duk mai kunne cewa dabara ce: shekara uku yana sa yaransa su riƙa tsayawa da gangan don Gangara ta saki jiki. Dodo ya ajiye sanda ya ce wallahi yau Audi sai ya koma gida shi kaɗai. Ila kuwa bai koma wajen dangin uban ba.

Audi ya ƙara shekaru yana koyarwa, yana faɗuwa sau biyar, sau shida a yini, har rairayin ƙoramar ya yi kwarmi daidai faɗin bayansa. Falanko ta fitar da ƴan kokawa da ake tsoro har Belbeji. Amma bai yarda an taɓa kirarin ba. Ranar da Dodo ya gwada rage rabinsa na ƙarshe a wani biki, Audi ya tsayar da kiɗan a gaban jama'a, ya ce abin da mutum ya bayar da hannunsa ba kaye ba ne. Dodo ya dube shi, ya dubi rairayin da ke manne a ƙeyarsa tun na la'asar, ya ja tsaki, ya buga masa shi cikakke.