Kano ma ƙasar waje ce

Shekarun baya, tun Inna tana da rai, ƙanina ya dawo daga Damagaram da magana a bakinsa: zai tafi ƙasar waje ƙaro karatu. Abin da ya tuno mini da wannan, kwanan nan na ga ana ta tambaya a wannan dandali wace makaranta ce ta fi a waje ga mai son koyon tafiyar da kasuwanci. Ni ba ɗan boko ba ne, aji huɗu na yi a lakwal, wato firamare, na fita. Amma na taɓa zaɓar wa mutum irin wannan makaranta, kuma na ga abin da ya biyo baya.

Mu biyu ne maza a ɗakinmu, ni babba, shi auta. Da Baba ya rasu ni na ajiye littafi na kama igiyar akuya. Da damina in noma hatsi, da rani in bi kasuwannin Dungas da Dogo-Dogo in sayi awaki da tumaki, ranar Alhamis in kora su Maigatari. Da wannan Auta ya yi karatu har ya samu bak, takardar gama sakandare, ya wuce jami'a ya samu lisans, digirin farko. Ba gori nake yi ba. Na faɗa ne don ku gane dalilin da ya sa sai da ya zo gabana kafin ya yanke shawara.

Ya same ni a tsakar gida bayan la'asar, Inna tana gefe a kan tabarma tana ɓare wake da lalube, don a lokacin idonta ya fara tafiya, ƙafafunta kuma sun kumbura. Ya ce mastar, digiri na biyu, yake so ya yi, a fannin da suke kira jestiyon. Na ce mene ne shi kuma?

Ya ce, "Koyon yadda ake tafiyar da dukiya da ma'aikata, Yaya."

Na ce, "To ni me nake yi tun kana goye?"

Ya yi dariya. "Kai kora kake yi, Yaya, ba tafiyarwa ba."

Har Inna sai da ta dara. Ni ma na yi, don yaron yana da baki.

Ya ciro salula yana nuna mini hotuna. Makaranta ɗaya a Faransa, ɗaya a Maroko. Gine-ginen gilashi, ga ciyawa kore shar a gabansu, babu ko tunkiya ɗaya a kanta. Na ce wannan asara har ina! Ya ce in bar zancen ciyawa. Ya shiga yi mini bayanin yadda ake zaɓe: a duba matsayin makaranta a cikin sauran, a duba ko manyan kamfanoni suna ɗaukar ɗalibanta, a duba ko takardarta tana da daraja in an kai ta wata ƙasa. Ta Marokon ma, in ji shi, ta riga ta amsa masa, har za su ɗauke masa wani ɓangare na nauyin karatun. Yana magana idonsa yana ƙyalli.

Na bari ya gama. Sannan na ce, "In an yi mutuwa fa?"

"Yaya, wace irin magana ce wannan?"

"Magana ce ta mutane. Kana Faransa, aka kira ka aka ce an yi rashi. Me za ka riska?"

Ya dubi wajen Inna, ya yi ƙasa da murya. Ya ce sai an nemi jirgi, a sauka Yamai, sannan a kama doguwar hanyar mota.

"Wato jana'iza babu kai, sadakar uku babu kai. In an yi sa'a ka riski bakwai, in ba a yi ba sai arba'in. Maroko fa?"

"Kusan haka."

"Kano fa?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Kano? Yaya, ƙasar waje nake magana."

Na ce, "Kano a Nijar take? Kuɗinsu daban, tutarsu daban, turancinsu ma ba naku ba ne. Kano ƙasar waje ce, kuma ta fi Yamai kusa da ƙofar gidan nan. Akwai jami'a, akwai ƴan kasuwar da duk yankin nan a bayansu muke. In kasuwanci za ka koya, ina ya fi can?"

Ya ce sai ya ɓata shekara guda yana koyon Ingilishi. Ya ce takardar ba ɗaya ba ce. Ya faɗi abubuwa da yawa, wasu na gane, wasu ban gane ba. Sai Inna, wadda muka zaci hankalinta yana kan wake, ta ce, "Ni dai ban san ko ɗaya ba. Wadda in na yi tari zai ji, ita nake so."

Nan magana ta ƙare. Auta ya mayar da salular aljihu. Ya ce, "To, na bi. In aka kira ni da hantsi, da ni za a yi la'asar." Bai dube ni ba da ya faɗa. A lokacin na ɗauka ladabi ne.

Ku zo ku ga yadda na riƙa cika baki a kasuwa. Ina ce wa mutane ni na zaɓar wa mai lisans jami'a, kamar yadda nake buɗe bakin rago in duba haƙori. Wani abokina mai kabu-kabu, wato haya da babur, wanda muka taso tare, har ya sa mini suna Minista. In ya hango ni sai ya ce, "Ranka ya daɗe, mai girma ministan ilimi na awaki!"

Shekarar farko Auta ya zo da ƙaramar Sallah da babba. Ta biyu ya zo sau ɗaya, bai kwana biyu ba. Yaron da, lokacin da yake Damagaram, ba ya wata bai leƙo ba, yanzu ga shi a kusa, sai dai murya. Muryar ma gajera. In na kira, "Lafiya lau, Yaya. Karatu ne." Wani lokaci sai ya ce, "Ka tuna wane da muka gama tare, wanda ya tafi Maroko? Wani babban banki ya ɗauke shi koyon aiki." Sai in ce Allah ya sa albarka, ya ce amin.

A shekararsa ta ƙarshe, da kaka, jikin Inna ya rikice. Muka kai ta likita a Dungas, suka duba, suka ce mu koma gida mu ci gaba da addu'a. Kowa ya san ma'anar wannan. A lokacin an rufe iyaka tsakaninmu da Najeriya. Amma wanda ya san yankinmu ya san rufe iyaka na manyan motoci ne. Gonar wani rabinta a nan take, rabi a can. Kullum moto, wato babur, yana ratsa daji ya je ya dawo, mata ma suna zuwa biki.

Na kira shi ranar Laraba da hantsi. Na ce, "Auta, lokacin da muka yi magana a kansa ya zo."

Ya ce, "Yaya, iyaka fa a rufe take."

Na ce, "Wa kake gaya wa? Gobe kasuwar Maigatari. Ka shigo mota ka sauka can, zan turo a ɗauko ka."

Ya ce, "To, in sha Allahu."

Washegari abokina ya bar aikinsa na ranar kasuwa, ranar da ya fi samu, ya tafi ya tsaya a bakin tasha. Duk motar da ta zo daga Kano sai ya leƙa. Ya kira lambar Auta, tana shiga ba a ɗauka. A gida kuma Inna, idon babu amma kunnen yana nan. Duk moton da ya wuce ta bayan danga sai ta ɗaga kai ta ce, "Shi ne?" In ce ba shi ba ne. Da azahar ta sa matata ta dama fura, ta ce a sa nono da yawa, kada a sa sukari, haka yake so.

Gab da magariba na ji ƙarar moton abokina. Na san ta a cikin dubu. Na fita. Ya tsaya a ƙofar gida, bayansa babu kowa. Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa, ranar ko Minista bai ce ba. Ya kashe moto ya zauna a kai yana kallon tayar gaba.

Na koma ciki. Inna ta ce, "Shi ne?"

Na ce, "Yana hanya, Inna."

Ta ce, "To a rufe masa furar, kada ƙuda ya faɗa."

Da safe ta cika. Kafin azahar mun kai ta. Cikin waɗanda suka sallace ta har da ƴan uwanmu na tsallaken iyaka, sun zo bibbiyu a kan moto, rigunansu duk ƙaiƙayin hatsi. Auta ya kira da yamma yana kuka. Na miƙa wa matata salular.

Uku ta wuce babu shi. Bakwai ta wuce. Sai ranar arba'in ga shi a bayan wani ɗan kabu-kabu, da jakarsa a cinya. Iyakar nan ba a buɗe ta ba. Ta hanyar da na ce ya biyo, ta nan ya biyo.

Da mutane suka watse na ja shi bayan rumbu. Na ce, "Ba faɗa zan yi ba. Gaya mini kawai."

Ya ce wani babban kamfani ne daga Legas ya zo makarantarsu tantance waɗanda zai ɗauka aiki, a ranar Alhamis ɗin nan da Juma'a, kuma sau ɗaya suke zuwa a shekara. Ya ce, "Na rasa Maroko saboda ku, Yaya. Na ce wannan ba zan rasa ba. Na ɗauka za ta kai Asabar."

Na ce, "Ka ɗauka."

Ya ce, "Ai kai ka zaɓa mini Kano."

Na ce, "Ni na zaɓa. Kuma saboda rana ɗaya tak na zaɓa."

Daga ranar ba mu sake tayar da zancen ba.

Aikin ya samu. Yanzu yana Legas, an ce mutane da yawa suna ƙarƙashinsa, yana tafiyar da su, ba kora ba. Da azumi yakan aiko da shinkafa da atamfa, ina karɓa in yi godiya. Ba ma gaba. Muna gaisawa kamar mutanen da suka taɓa zama a mota ɗaya.

Wasu in na ba su labarin sai su ce da na bar shi ya tafi Marokon, da bai riƙe ni a zuciya ba, da wataƙila ya fi zuwa. Wataƙila. Ni dai har gobe ban ga laifin tambayata ba. Tsohuwa tana kwance, wani abu zan tambaya in ba wannan ba? Abin da ban sani ba shi ne, ni hanya na auna. Na san tsawonta, na san inda yashi yake kama taya, na san inda ake kauce wa shinge. Ban auna wanda zai biyo ta ba.

Saboda haka masu tambaya wace makaranta ce ta fi, ku duba matsayinta, ku duba kamfanonin, ku duba duk abin da yaran suka ce a duba. Sun fi mu sani. Amma kada wani ya zaɓi ta kusa yana zaton ya sayi dawowar ɗansa. Babban ɗana ya samu bak bana, ya zo yana tambayata ina zai nufa. Na ce ya kira baffansa na Legas. Ni na sauka daga minista.

Abu ɗaya ne ban taɓa gaya wa Auta ba, kuma in yana karanta wannan, to ya ji. Da muka dawo daga maƙabarta na shiga ɗakinta, na tarar da ƙwaryar a inda aka ajiye ta, da faifai a kai. Babu wanda ya taɓa. Furar ta yi tsami, ta tsage. Na ɗauka na kai bayan gida na zuba wa awaki, na tsaya har suka shanye.